Mai Ƙin Yaƙi da Mai Ƙin Yaƙin: Ma'anar "Pacifist" da Yadda Ake Faɗinta da Hausa

Tambaya: Ina aikin fassara labaran duniya a wani gidan rediyo, kuma ban fi shekara biyu da farawa ba. Duk inda na ci karo da kalmar Turanci "pacifist" ko "anti-war" nakan rubuta "mai son zaman lafiya", amma kwanan baya babban editanmu ya soke mini wannan fassara a cikin wani rahoto na tunawa da ɗan damben nan Muhammad Ali, ya ce ba ta ɗauko ma'anar ba. Mece ce ainihin ma'anar kalmar, daga ina ta samo asali, kuma yaya ya kamata a faɗe ta da Hausa?

Amsa: Malam, editanka yana da gaskiya, ko da yake kuskuren ba naka ne kai kaɗai ba, domin na daɗe ina jin sa a bakin waɗanda suka fi ka daɗewa a wannan sana'a. Illar "mai son zaman lafiya" ita ce babbar riga ce da take shiga kowa. Janar ɗin da ya tura bataliya fagen daga da asuba, idan ka tare shi da tambaya da hantsi, zai ce maka don a zauna lafiya ya tura ta, kuma ba lalle ne ƙarya yake yi ba. To, sunan da zai dace da wannan janar, ya kuma dace da mutumin da ya gwammace zaman kurkuku da ya saɓa bindiga, bai gaya wa mai sauraro komai a kan ko ɗayansu ba. Kalmomin nan biyu da ka kawo suna magana ne a kan abin da mutum ya ƙi, saboda haka a cikin "ƙi" da danginta za a nemo fassararsu. Sannan su biyun ma ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma a nan ne yawancin masu fassara suke zamewa.

Tushen kalmar farko, wato "pacifist", daga Latin yake, harshen Rumawan dā, inda aka haɗa "pax", wato sulhu ko zaman lafiya, da wani fi'ili mai ma'anar yi ko ƙullawa, aka sami siffar da take nufin mai ƙulla sulhu. Daga wannan tushe ne sunan Tekun Pasifik ya fito, wanda matuƙin jirgin ruwan nan Magelan ya raɗa masa a 1520 saboda ya same shi a kwance bayan wahalar da ya sha kafin ya shige shi. Amma kalmar da take nufin aƙida ba ta tsufa haka ba. Wani lauya Bafaranshe mai suna Emile Arnaud, shugaban wata ƙungiyar neman zaman lafiya da 'yanci, shi ne ya ƙirƙiro ta da Faransanci a 1901, kuma a shekarar aka karɓe ta a babban taron zaman lafiya na duniya karo na 10 da aka yi a birnin Gilasgo. Yawancin masu halartar irin waɗannan tarurruka ba su ce kada ƙasa ta kare kanta ba. Abin da suka sa a gaba shi ne a kafa kotuna da hukumomin sasanci tsakanin ƙasashe, a kuma rage tara makamai, yadda rigima za ta riƙa ƙarewa a zaure maimakon fagen fama. Ke nan a farkon rayuwarta kalmar tana da faɗi, har ta yi kusa da "mai son zaman lafiya" ɗin naka. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya matse ta. Da Birtaniya ta kafa dokar tilasta wa maza shiga soja a 1916, mutum kimanin 16,000 suka ce imaninsu bai yarje musu yin yaƙi ba, aka gurfanar da su gaban kwamitocin tantancewa, aka ba wasu aikin ɗaukar waɗanda aka raunata ko aikin gona, aka ɗaure wasu dubbai. Tun daga lokacin, a Turancin yau da kullum, kalmar ta fi nufin mutumin da ya yi imani cewa yaƙi ko wane iri ne bai halatta ba, ko da kuwa ƙasarsa aka kawo wa hari.

Ita kuwa "anti-war" ba ta ɗauke da wannan nauyi. Siffa ce da ake liƙa wa zanga-zanga ko ƙungiya ko jawabi, kuma galibi tana nuni ne ga wani yaƙi takamaimai da ake yi ko ake shirin yi, ba tare da ta ce uffan a kan ra'ayin mutum game da sauran yaƙe-yaƙe ba. Ranar 15 ga Fabrairu, 2003, miliyoyin mutane sun fito tituna a ɗaruruwan birane suna neman a fasa mamaye Iraƙi, kuma a Landan kaɗai 'yan sanda sun ƙiyasta aƙalla mutum 750,000, masu shirya taron kuwa suka ce sun kai miliyan biyu. A cikin wannan cincirindo akwai tsofaffin sojoji, akwai masu ganin an yi daidai da aka yaƙi Hitila, akwai kuma waɗanda abin da ya dame su shi ne rashin sahalewar Majalisar Ɗinkin Duniya, da a ce Kwamitin Sulhu ya amince da watakila sun yi zamansu a gida. Barack Obama, tun yana ɗan majalisar jihar Ilinoi, ya yi wani jawabi a Shikago cikin Oktoban 2002 inda ya fito fili ya ce shi ba kowane yaƙi yake ƙi ba, yaƙin wauta yake ƙi, kuma da ya zama shugaban ƙasa sai ga shi a ƙarshen 2009 ya ba da umarnin ƙara sojoji 30,000 a Afganistan. Wanda ya kira shi da kalmar farko ya yi masa ƙage, alhali ta biyun ta dace da shi sarai a kan batun Iraƙi.

Hausa tana iya raba waɗannan ma'anoni biyu da harafi ɗaya tak. Idan ka ce "masu adawa da yaƙi", ka bar sunan a sake, mai sauraro zai ɗauka yaƙi ake nufi a matsayinsa na yaƙi, ko wanne ne kuma ko a ina ne. Idan kuwa ka ce "masu adawa da yaƙin", ka liƙa masa ɗan harafin nan da malaman nahawu suke kira madanganci, to ka nuna wani yaƙi da kai da mai sauraro kuka riga kuka sani. Daidai yake da bambancin "ba na cin nama" da "ba na cin naman". Na farko mutum ne da ko ragon layya aka yanka a gidansa ba zai taɓa ba, na biyu kuwa mai yiwuwa ƙuda ya gani a kan tiren mai tsire, gobe za ka same shi a teburin wani mai tsiren yana ciniki. Sai dai a rediyo wannan "n" ɗin tana da saurin ɓacewa, musamman idan mai karatu yana sauri ko tashar ba ta fita sosai, saboda haka kada ka ɗora mata kayan ita kaɗai. Ka ambaci sunan yaƙin, ka ce "masu adawa da yaƙin Iraƙi", ko ka ce "masu adawa da wannan yaƙi". Na san mai nahawu zai ce a misalin farko harafin ya tashi daga madanganci ya koma mahaɗi, kuma haka ne, amma aikin da muke so ya yi mana ya riga ya yi.

Ba sai mun je Landan ba kafin mu ga amfanin wannan rarrabewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, da ƙungiyar ECOWAS ta ba sojojin wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi, Arewacin Nijeriya ya ɗauki ɗumi. Sanatocin Arewa suka fitar da sanarwa suna tunatarwa cewa jihohi bakwai, daga Kebbi har Borno, suna da iyaka da Nijar; Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ranar 5 ga Agusta da ya bi hanyar siyasa da diflomasiyya; tawagar malamai ta tafi Yamai; aka kuma yi zanga-zanga a Kano. Hujjar jama'a ita ce Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, dangi ɗaya ne, aure ya haɗa su, kasuwa ta haɗa su. Amma mutumin da ya ce kada a harba harsashi ko ɗaya a Nijar, shi ne dai a wannan makon yake kukan ba a tura isassun sojoji dazukan Zamfara ba. Babu tufka da warwara a maganarsa, domin yaƙin ya ƙi, bai ƙi yaƙi ba. Da wani ɗan jarida Bature zai kira waɗannan mutane da kalmar farko, da ya nuna bai san su ba.

Wanda kalmar farko ta dace da shi ana gane shi ne a ranar da kusan kowa ya yarda cewa yaƙin ya zama dole. Jeannette Rankin, 'yar jihar Montana, ita ce mace ta farko da aka zaɓa a majalisar dokokin Amurka, a 1916. Cikin Afrilun 1917 tana daga cikin wakilai 50 da suka ƙi amincewa Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda hakan bai isa a yanke hukunci a kanta ba, tunda sauran 49 ɗin kowa da dalilinsa. Ranar 8 ga Disamba, 1941, kwana ɗaya bayan jiragen Japan sun ragargaza sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, aka sake kawo ƙuri'ar shelanta yaƙi, kuma ta yi daidai da komawarta majalisar. Wakilai 388 suka ce e, ita kaɗai ta ce a'a. Aka yi mata ihu a zauren, da ta fito kuma 'yan jarida da jama'a suka yi mata ca, har sai da ta shige wani ɗan akurkin wayar tarho ta rufe ƙofa, 'yan sanda suka zo suka raka ta ofishinta. Ba ta sake tsayawa takara ba, amma a Janairun 1968, tana da shekara 87, ita ce a gaban dubban mata da suka yi maci a Washinton a kan yaƙin Biyetnam. Yaƙi uku, kowanne da dalilinsa da zamaninsa, amsarta ɗaya. Wannan ita ce ma'anar kalmar idan ta cika.

Tsakanin Rankin da Obama akwai mutane da yawa, kuma mai fassara yana bukatar kula da lokaci idan yana magana a kansu. An yanke wa masanin falsafar nan na Ingila Bertrand Russell ɗaurin wata shida a 1918 saboda rubutun da ya yi a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma da na biyu ya zo sai ya ce kayar da Hitila ya wajaba. Albert Einstein ya daɗe yana kiran matasa su ƙi aikin soja, amma hawan 'yan Nazi mulki a Jamus a 1933 ya sa ya sassauta, har a Agustan 1939 ya sa hannu a wasiƙar da ta jawo hankalin shugaban Amurka ga yiwuwar ƙera bam ɗin nukiliya. Idan rubutun da ke gabanka ya kira ɗayansu da wannan suna, duba shekarar da ake magana a kanta, ka ƙara "a lokacin" ko "a wancan zamani", don kada ka ɗora masa a tsufansa abin da ya riga ya sauke.

Yanzu sai zaɓen kalma. Muna da "adawa", da "ƙi", da "ƙyama", da "ƙin jini", kuma kowacce da inda ta fi zama. "Adawa" daga Larabci take, inda take nufin gaba, amma siyasa ta tausasa ta a Hausa, har muna cewa jam'iyyar adawa ba tare da muna nufin maƙiya ba. Tana nuna matsayi a kan wata manufa ko wani mataki, matsayin da zai iya sauyawa idan hali ya sauya, shi ya sa ta fi dacewa da "anti-war". "Ƙyama" da "ƙin jini" kuwa na zuciya ne. Uwar da aka kawo mata kakin ɗanta a leda tana ƙyamar yaƙi fiye da kowane farfesa, amma wannan ba ya nufin tana da wani tsararren ra'ayi a kan halaccinsa, kuma ana iya samun ta tana addu'ar Allah ya ba abokan ɗanta nasara. "Ƙin jini" ma ya fi sabawa da mutane, kamar yadda muke cewa ƙin jinin baƙi. Abin da na zaɓa, kuma na daɗe ina koyarwa, shi ne "aƙidar ƙin yaƙi" ga tafarkin, da "mai aƙidar ƙin yaƙi" ga mutumin, sannan a ambato na farko cikin rahoto a ƙara "ko wane iri ne". Dalilina shi ne kunnen Bahaushe ya san bambancin ra'ayi da aƙida: ra'ayi riga ne, ana sawa ana tuɓewa, aƙida kuwa ita ce abin da mutum yake yarda a ɗaure shi a kansa. Na taɓa jin wani abokin aiki ya gwada "'yan ƙi-yaƙi", a kan ƙirar "ƙi-faɗi" da "ƙi-gudu". Ginin Hausa ne tsantsa, kuma yana da amfani a kanun labari inda wuri ya yi kaɗan, sai dai ina jin ɗan ƙanshin zolaya a cikinsa, saboda haka ban cika so a sa shi a tsakiyar labarin da ake maganar ɗauri da kisa ba.

Dole kuma ka san yadda maganar za ta sauka a kunnen mai sauraronka, wanda ya tashi yana jin kirarin mazan jiya, kuma a wurinsa ƙin faɗa yana maƙwabtaka da ragwanta. Su kansu masu Turancin suna da irin wannan ruɗani, domin kalmar ta yi kama a furuci da wata kalmarsu mai nufin wanda ya naɗe hannu ya zuba ido, alhali tushensu ba ɗaya ba ne, kuma abokan hamayya sukan yi amfani da kamannin don gori. Idan ɗan siyasa ya jefi abokin karawarsa da ita da nufin zagi, ka fassara zagin a matsayin zagi ka jingina masa, misali ka ce "ya zarge shi da tsoron yaƙi", amma kada kai da bakinka ka mayar da aƙidar tsoro. Desmond Doss, wani sojan Amurka da ya ƙi taɓa bindiga saboda addininsa, ya yi aikin jinya a fagen daga, kuma a Okinawa a 1945 ya kwaso raunanan sojoji kimanin 75 ana ruwan wuta, ya zuro su ɗaya bayan ɗaya da igiya daga kan wani tsauni, har aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasar.

Ta fuskar addini ma akwai bukatar taka-tsantsan, domin mafi yawan masu sauraronka Musulmi ne, kuma jumhurin malaman fiƙihu sun halatta yaƙi bisa sharuɗɗa. Aya ta 190 a Suratul Baƙara ta yi umarni da yaƙar waɗanda suke yaƙar Musulmi tare da hana ƙetare iyaka, aya ta 61 a Suratul Anfal kuma ta ce idan abokan gaba suka karkata ga sulhu a karkata gare shi. Saboda haka malamin da ya hau mumbari ya yi wa'azin sulhu, ko ya ce fitina kwance take kada a tashe ta, bai zama mai aƙidar ƙin yaƙi ba, kuma zai iya jin haushi idan aka kira shi haka. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ƙaurace wa yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Musulmi a zamanin fitina, bai je Jamal ba bai je Siffin ba, amma shi ne ya jagoranci runduna a Ƙadisiyya. A Afirka ta Yamma akwai koyarwar Alhaji Salim Suware, wadda malaman Jahanke da fataken Wangarawa suka ɗauka, cewa ba a musuluntar da mutane da takobi sai da karantarwa da kyakkyawan hali, kuma da ita suka zauna lafiya a ƙarƙashin sarakunan da ba Musulmi ba kamar na Asante; masana tarihi na Turai sukan kira wannan tafarki da kalmar da muke magana a kanta, amma ko su ba su haramta kare kai ba idan an zo shafe al'umma. Inda za ka sami aƙidar da cikakken sunanta a ƙasarmu shi ne wajen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara a Garkida a 1923. Uwar cocin tana cikin coci-coci uku da tarihi ya sani da ƙin ɗaukar makami, tare da Kwaka da Menonayit, kuma an jarraba mabiyanta jarrabawa mai tsanani, domin yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi kuma ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014.

Akwai wata 'yar'uwar kalmar da nake so ka yi hattara da ita fiye da kowacce, wato "pacification", domin ita ce ta taɓa kayar da ni. A farkon aikina an ba ni wani shirin tarihi in fassara, na ga wannan kalma a jikin sunan Arewacin Nijeriya da shekarar 1903, na ga tushen sulhu a cikinta, sai na rubuta cewa Gwamna Lugga ya "samar da zaman lafiya a Arewa", aka kuma karanta haka. Bayan mako biyu wasiƙa ta iso daga wani dattijo a Sakkwato, an rubuta ta a fallen littafin makaranta, layi huɗu kacal. Ya ce kakansa yana cikin waɗanda suka kwanta dama a Giginya, yana so in gaya masa wane irin zaman lafiya ne ake kawowa da bindiga mai ruwa. Turawan mulkin mallaka, na Ingila da na Faransa, da wannan kalma suke kiran cin ƙasa da murƙushe masu turjiya: faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, da ta Sakkwato a Maris, da kisan Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli, da shafe Satiru a 1906, duk a ƙarƙashinta suka rubuta su. Tushe ɗaya ne da kalmarka, ma'ana kuwa kishiya. Fassararta ita ce "murƙushewa" ko "cin ƙasa da yaƙi", in kuma kana son mai sauraro ya ji yadda masu abin suka kira shi, sai ka ce "abin da Turawa suka kira kwantar da tarzoma".

Sauran maƙwabtan ba su kai wannan haɗari ba. 'Yan ba-ruwanmu daban suke: Suwizalan ba ta shiga yaƙin kowa, amma tana da soja, har ma tana tilasta wa mazanta aikin soja. "Lumana" kuma hanya take siffantawa, kamar yadda muke cewa zanga-zangar lumana, saboda haka ita ce ta dace da gwagwarmayar Gandi a Indiya, da ta abokinsa Abdul Gaffar Khan, Musulmi Bafatane da ya kafa rundunar masu jajayen riguna a 1929 bisa rantsuwar ba za su rama duka ba, da ta Shehu Ahmadu Bamba na Senegal wanda Faransawa suka kai gudun hijira Gabon a 1895 bai ɗaga makami ba. Sau da yawa mai gwagwarmayar lumana yakan kasance mai aƙidar ƙin yaƙi, amma ba dole ba ne. Idan kuma aka siffanta tsarin mulkin Japan da wannan kalma, ana nufin sashe na 9 na kundin da ya fara aiki ranar 3 ga Mayu, 1947, wanda a cikinsa ƙasar ta yafe haƙƙin yin yaƙi da amfani da ƙarfi wajen warware rigima da wasu ƙasashe. Kundi ba shi da aƙida irin ta mutum, kuma Japan tana da rundunar kare kai tun 1954, saboda haka "tsarin mulkin da ya hana ƙasar shiga yaƙi" ya fi "tsarin mulkin zaman lafiya" gaya wa mai sauraro abin da ake ciki.

Mu koma kan rahotonka, domin a shari'ar Muhammad Ali a kan wannan harafi ɗaya aka yi jayayya. Ranar 28 ga Afrilu, 1967, a birnin Hustan, aka kira sunansa don ya tako gaba ya karɓi aikin soja, ya ƙi motsawa. Aka ƙwace kambinsa, aka hana shi dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000, ko da yake bai shiga kurkuku ba saboda ɗaukaka ƙara. Dokar Amurka tana yafe wa mutum aikin soja ne idan ya cika sharuɗɗa uku: ƙin nasa ya kasance na yaƙi ko wane iri, ya samo tushe daga addini, kuma ya kasance da gaske yake. Wanda ya ƙi wani yaƙi guda ya yarda da wani ba ya samun wannan rangwame, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a wata shari'ar daban cikin Maris na 1971. Ali kuwa ya sha faɗin cewa addininsa ya hana shi shiga kowane yaƙi sai wanda Allah ya yi umarni da shi, sai gwamnati ta kama wannan togaciya ta ce ashe ba yaƙi ya ƙi ba, zaɓe yake yi. Da aka je Kotun Ƙoli lauyoyin gwamnati suka amince cewa da gaske yake kuma daga addini abin ya fito, ya rage sharaɗin farko kawai. Ranar 28 ga Yuni, 1971, alƙalai takwas suka soke hukuncin baki ɗaya, amma bisa hujjar cewa hukumar da ta hana shi rangwamen ba ta faɗi a kan wane sharaɗi ta dogara ba, ke nan hukuncin bai tsaya a kan ko Ali mai ƙin yaƙi ne ko mai ƙin yaƙin ba. Abin da kotu ta bari a buɗe, bai kamata mai fassara ya rufe shi da bakinsa ba. Idan marubucin rahoton ne ya kira shi da kalmar farko, ka jingina masa ka ce "wanda wasu suke ɗauka mai aƙidar ƙin yaƙi ne". Idan kuwa jimlar taka ce, ka faɗi abin da ya faru: "Muhammad Ali, wanda ya ƙi shiga soja a 1967 saboda addininsa da kuma adawarsa da yaƙin Biyetnam." Ta fi "mai son zaman lafiya" tsawo da daƙiƙa uku ko huɗu a bakin mai karatu, kuma ina kyautata zaton editanka zai bar ta ta wuce.